Takari Ba Zagi Ba Ne: Martani Kan Zarge-Zarge Biyar Da Aka Yi Wa Hausawan Sudan

 Malam, daren da muka tashi daga majalisa na ce maka ba zan amsa maganarka a tsaye ba, saboda jama'a sun yi yawa, ga rugugin tireloli a bakin titi, kowa kuma yana son ya jefa tasa. Na yi alkawarin amsawa a rubuce. Alkawari kaya ne, ga shi na sauke.

Ga wanda bai halarci zaman ba, wata baiwar Allah ce ta sauka a unguwarmu a nan Potiskum da 'ya'yanta uku daga Sudan, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Hamidati ya cinye garinsu. Ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Guzurinta kawai sunan kakan mijinta da labarin cewa daga ƙasar Fika ya tashi. Aka kawo shawarar a yi mata karo-karon kuɗin haya. Malam bai hana ba, shi ne ma na biyu da ya sa hannu a aljihu, kuma adalci ne in faɗi haka tun daga farko. Sai dai bayan ya bayar, ya biyo da maganganu biyar a kan Hausawan Sudan baki ɗaya, waɗanda muke yi wa laƙabi da Takari, can kuma ake ce musu Fallata. Matasa da yawa sun ji, sun gyaɗa kai. Saboda su na ɗauki alƙalami.

Zan riƙa jawo misali da mutanen Koriya, kuma da dalili. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Japan ta haɗiye Koriya a 1910. Mamaya biyu a zamani ɗaya, kowacce ta watsa mutane zuwa ƙasashen wasu. Duk abin da Malam ya faɗa a kan Takari, an riga an faɗe shi a kan Koriyawan da ke zaune a Japan da tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuma duniya ta ga inda irin maganar take kai mutane.

Zargi na farko: "Kakanninsu gudu suka yi, suka bar mu da Nasara"

Kafin a kira mutum matsoraci, sai a duba inda ya faɗi. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Talakawa suka riƙa barin gonaki da rumbuna suna bin sa, har da masu sarauta irin su Sarkin Misau Ahmadu, maƙwabcinmu. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, kusa da Bajoga, garin da duk direban da ke bin hanyar Potiskum zuwa Gombe ya sani. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko da aka turo musu. Ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da ƙarin sojoji da manyan bindigogi. Attahiru ya kwanta dama a filin daga tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Turawan ma, Manjo Mash, can ya bar ransa. Ragowar waɗanda suka tsira daga wannan rana su ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin yana nan, sarautarsa ma tana hannun zuriyarsa.

To Malam, wanda ya tsaya gaban bindiga mai ruwa sau biyu, ya binne ubansa, sannan ya taka sahara da ƙafa don kada ya yi mubaya'a ga wanda ya kashe uban, da wane ma'auni ya zama magujin yaƙi? Ban ce waɗanda suka zauna sun yi laifi ba. Waziri Buhari ya zauna, ya kuma rubuta hujjarsa ta malanta a kan halaccin zama don kare rayukan jama'a. Masu tafiya su ma da tasu hujjar. Malaman zamanin sun yi saɓani a kan mas'alar, ba mu ne za mu zo bayan shekara 120 mu yanke wa ɓangare ɗaya hukuncin tsoro ba.

Igiyar kuma ba ta tsinke ba. A nan ƙasar Fika, a Dumbulwa, Shehu Sa'idu ɗan Hayatu ya tara jama'a har Turawa suka tsorata da alaƙarsa da Mahadiyyar Sudan, suka kama shi a 1923 suka kai shi Buya ta Kamaru. Turawa sun san ƙasarmu da Sudan a haɗe suke, mu ne muka manta.

Dubi yadda Koriya take yi da nata. Janar Hong Bom-do ya yaƙi Japan daga ƙetare, ya ƙare rayuwarsa a 1943 a garin Kizilorda na Kazakistan, tsoho mai gadin gidan wasan kwaikwayo. A watan Agustan 2021 Koriya ta Kudu ta aika jirgi ya ɗauko ƙasusuwansa, aka binne shi a maƙabartar jarumai. Su suna ɗauko ƙashin wanda ya yi hijira, mu muna yi wa jikokin namu gori.

Zargi na biyu: "Sun fake da aikin Hajji, suka maƙale, suka koma bara"

A nan sai mu tuna yadda ake zuwa Makka kafin jirgin sama. Mutum zai taso daga Kano ko Katagum, ya ratsa ta Potiskum, ya wuce Damaturu da Maiduguri, ya haye zuwa Fort Lami da yanzu ake kira Injamena, ya kama hanyar Abeshe da Jinaina da Fashir har Ubayyid, inda zai sami jirgin ƙasa in yana da kuɗin shiga. Daga nan sai bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Bur Sudan, a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ba ya kaiwa, dole a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara na gaba. A hanya ake aure, ake haihuwa, ake binne tsofaffi. Wanda ya binne uwarsa a Gadarif, ya haifi 'ya'ya huɗu a can, ka ce ya tattara ya dawo, me zai ɗauka, me zai bari?

Batun bara kuwa, a tambayi gonakin Jazira. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga tsakanin kogunan Nilu biyu, wanda shekaru da yawa shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Sudan. Galibin filayen 'yan ƙasa aka raba wa, amma wajen shuka da cira da tsinkar auduga, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda aka fi dogara da su. Haka a gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Haka a kamun kifi a bakin Nilu. Da yawa daga cikin ma'aikatan gonakin nan sun rayu tsara bayan tsara a matsugunan lebura da ake kira kambo, gefen gonar da suke nomawa, ba tare da taƙi ɗaya nasu ba.

Ka shiga Hartum ko Umdurman lokacin zaman lafiya ka ce kana son nama, za a nuna maka mai agashe. Sunan ma bai canza ba, tsiren nan namu ne da ƙuli da yaji, Hausawa suka kai shi har ya zama abincin ƙasa. Mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Umdurman, a farkon shekarun 1940, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta mahajjata ne daga ƙasar Sakkwato, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974 Sudan tana alfahari da ita.

Akwai mabarata a cikinsu? Akwai. Akwai su a bakin tashar motarmu da ƙofar kasuwar hatsi, kuma ba daga Sudan aka kawo su ba. Laifi tudu ne, Malam.

An yi wa Koriyawa irin wannan kallon. A 1937 Stalin ya zarge su da yi wa Japan leƙen asiri, ya sa aka kwashe kimanin mutum 170,000 daga gabashin Rasha cikin taragun dabbobi, aka zube su a Kazakistan da Uzbekistan ana shiga hunturu. Da yawa, musamman yara da tsofaffi, ba su ga bazara ba. Waɗanda suka rayu suka mayar da fadamun ciyawa gonakin shinkafa, har ɗaya daga cikinsu, Kim Pen Hwa, ya karɓi lambar gwarzon aiki ta Tarayyar Sobiyet sau biyu. A Japan ma, Masayoshi Son, wanda ya kafa kamfanin SoftBank, jikan baƙin Koriya ne, ya tashi yana amfani da sunan Japanawa kamar yadda dubban irinsa suke yi don gudun wulaƙanci. Baƙon da aka hana fili ba shi da jari sai ƙarfinsa, shi ya sa da wuya ka same shi malalaci.

Zargi na uku: "Ai ba Hausawa ba ne yanzu, harshen ma ya gurɓace"

Malam ya kwaikwayi maganar baiwar Allah nan, aka yi dariya. Gaskiya ne Larabci ya shiga Hausarta. Amma a majalisar da aka yi dariyar, na ƙirga kalmomin Ingilishi da suka fito daga bakin wani matashi cikin jimla biyu, sun kai bakwai. Shi bai taɓa wuce Azare ba. Ita kuwa zuriyarta ta shekara sama da 100 a tsakiyar Larabawa, makaranta da Larabci, kasuwa da Larabci, rediyo da Larabci, amma ta zo ta gaishe da tsofaffin unguwa da Hausa, ta durƙusa yadda ake durƙusawa, ta dama fura yadda kakarmu take damawa. In za a raba lambar yabo kan riƙon harshe, ban ga yadda za a tsallake ta a ba mu ba.

Kuma wannan hujja tana da kaifi biyu, mu mutanen Potiskum ya kamata mu fi kowa saninta. Garin nan na Ngizimawa ne da Karekare da Bolewa, ga Fulani, ga Barebari, ga Hausawa. Yau yara nawa ne a gidajen Ngizim da Karekare da Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen kakanninsu? Malam zai iya tsayawa a fadar Mai Potiskum ko ta Mai Fika ya ce duk yaron da harshensa ya raunana ya fita daga ƙabilarsa? Ba zai fara ba. To abin da ba za mu yarda a auna mu da shi ba, kada mu auna wani.

Koriyawan Kazakistan da Uzbekistan mafi yawansu yau Rashanci suke yi. Duk da haka jaridarsu, Koryo Ilbo, wadda asalinta ya koma 1923, tana fitowa a Almati, gidan wasan kwaikwayonsu da aka kafa a 1932 yana aiki. Da suka rasa irin kabejin da suke yin abincinsu na gado da shi, sai suka yanka karas suka haɗa da yaji da tafarnuwa, yau abincin nan ya game kasuwannin Rasha da sunansu. Al'adar da ta yi tafiya dole ta sha ƙurar hanya. Ba a cewa matafiyi ba ɗan gidan ba ne don an ga rigarsa ta yi ja.

Zargi na huɗu: "Su suka jawo wa kansu, wa ya ce su nemi sarauta a ƙasar wasu?"

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, domin jini ne a cikinta. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin irin su Barta. Sama da mutum 100 suka mutu cikin 'yan kwanaki. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, asarar ta fi ta farko. Dubbai suka rasa matsuguni. Abin da ya kunna wutar shi ne buƙatar Hausawa ta a ba su masarauta a cikin tsarin sarakunan gargajiya na jihar, ɗaya ɓangaren kuma suka ce sarauta tana tafiya da mallakar ƙasa, ƙasa kuwa tasu ce tun zamanin daular Funj.

Ba zan ce mutanen yankin ba su da abin tsoro ba. Su ma talakawa ne da gwamnatocin Hartum suka daɗe suna dannewa, an ƙwace musu filaye an ba manyan manoma, sun sha yaƙi. Ba kuma zan wanke kowane Bahaushe ba. An kashe mutane ta kowane ɓangare, kuma ƙone-ƙonen da aka yi a Kasala lokacin zanga-zanga ba daidai ba ne. 'Yan siyasa da masu bindiga sun shiga sun hura wutar don amfanin kansu, kamar yadda suke yi a ko'ina.

Amma neman wakilci laifi ne da hukuncinsa kisa? A Ibadan akwai Sarkin Sasa, a Agege akwai Sarkin Hausawa, a Kumasi akwai Sarkin Zango, a Kano akwai sarkin Inyamurai da na Yarabawa. A tsarin Sudan, mai sarauta ne ke shiga tsakani a rikicin gona, shi ke shaidar mutum a gaban hukuma. Wanda ba shi da shugaba da aka amince da shi, in shanu suka cinye masa gona, ba shi da ƙofar da zai buga. Ga kuma tarihin takardar zama ɗan ƙasa. Dokar Sudan ta 1957 ta ce sai wanda iyayensa ko kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Lissafa da kanka, Malam: mutanen Burmi bayan 1903 suka isa. Da alƙalami ɗaya aka bar su a waje, sai daga baya aka sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1956. Mutumin da aka daɗe ana tambayar takardarsa a garin da aka yanke cibiyarsa, in ya nemi kujera a majalisar dattawan garin, ba girman kai ba ne.

"Su suka jawo" magana ce mai tsohon tarihi. Ranar 1 ga Satumba, 1923 girgizar ƙasa ta rushe Tokiyo da kewayenta. Kafin ƙura ta lafa, jita-jita ta bazu cewa Koriyawa suna zuba guba a rijiyoyi. Ƙarya ce, amma 'yan banga suka tare hanyoyi, suna sa mutum ya furta wasu kalmomin Japananci, in harshensa ya karkace a kashe shi. Dubbai suka hallaka. Ka lura, Malam, da lafazi aka gane wanda za a kashe. Shi ya sa dariyar da aka yi wa lafazin baƙuwarmu ba ta ba ni dariya ba.

Zargi na biyar: "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai da wuta ta kama suka tuna da mu"

Wane gida? Matar nan a Sudan aka haife ta, can aka haifi uwarta, can kabarin mijinta yake. Gidanta shi ne wanda yaƙi ya rushe. Nan gidan kakanni ne, ta zo neman mafaka, kamar yadda kowa ke yi in ruwa ya ci ɗakinsa.

Kuma mu ne za mu yi wa wani gorin gudun hijira? Shekarun 2012 zuwa 2015 ba su yi nisa ba. Mun ga harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayun 2012, mun ga wanda aka kai wa 'yan makaranta a watan Nuwamban 2014. Gidaje nawa aka rufe a garin nan aka tafi Bauchi da Kano da Jos? Waɗanda suka tafi sun ɗanɗana yadda ake kallon mutum in ya ce daga Yobe yake, yadda mai gidan haya ke canza fuska. Da a lokacin wani ya ce mana kowa ya bar gida gida ya bar shi, da yaya za mu ji?

Shi kansa "ku koma gida" an gwada shi, an ga sakamakonsa. Bayan yaƙin duniya na biyu Koriyawa kimanin 600,000 suka rage a Japan, a 1952 aka cire musu zama 'yan ƙasa rana ɗaya. Daga 1959 zuwa 1984 aka kwashe sama da mutum 93,000 a jiragen ruwa zuwa Koriya ta Arewa da sunan komawa gida, alhali mafi yawansu asalinsu daga kudu ne. Can aka karɓe su da zargi, ana musu kallon 'yan Japan, kuma ƙofar fita ta rufe. A Japan su baƙi, a Koriya su baƙi. Mu ma a yankinmu mun yi wa juna. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zango suka taho ƙasar da ba su sani ba. A 1983 mu ma muka kori mutanen Gana. Wa ya ci riba? Jakar leda kawai ta samu suna.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bahaushen Potiskum da kakansa ya zo fataucin shanu, in ɗansa ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma aka tsaya tambayar asalinsa, ransa yana ɓaci, kuma na sha jin Malam da kansa yana cewa hakan zalunci ne. Wannan tambayar ita ce dai ake yi wa Bahaushen Damazin, sai dai shi da bindiga ake yi masa ita.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mu daina jefa kalmar Takari a matsayin zagi, asalinta daga Takrur ne, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran ƙasashenmu da shi, ka ga kenan duk mu Takari ne a idonsu. Yaran nan uku kuma a sama musu gurbi a makaranta, tunda Malam ya fi mu sanin hanyar. Babban cikinsu yana karanta Larabci fiye da ni da kai, allon Islamiyyar unguwa yana buƙatar irinsa.

Sai abu na ƙarshe. In damina ta wuce, hanya ta yi kyau, ina gayyatar Malam mu shiga mota mu nufi Bajoga, mu ƙarasa Burmi. Kabarin Attahiru yana can. Mu ɗauki babban yaron mu tafi da shi, ya ga inda tafiyar kakanninsa ta faro, ya yi musu addu'a da Larabcin da ya koyo a can. Kuɗin mai a kaina. In mun dawo Malam yana nan kan bakansa, sai ya rubuto nasa martanin, ni kuma in saurara.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya zaunar da mu. Wassalam.